Lemon Tumatir Da Ya Karya Min Girman Kai

Na ga wasiƙunku masu tambayar ina aka kwana a littafina na gaba, ku ƙara haƙuri, yana nan tafe in Allah Ya yarda. Yau dai labarin gidanmu zan ba ku, babu ƙage a cikinsa, kuma a ciki za ku samu yadda ake haɗa wani lemo mai ɗan yaji na tumatir da kayan lambu. Sai dai kafin mu shiga kicin, dole in fara tona wa kaina asiri.

Mu tara ne a wurin Abbanmu, ni ce ta uku. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa ba ya kirana sai da "Uwata", sauran mutanen gida kuwa Ummi suke ce min. Abba ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda, mutum ne mai fara'a da barkwanci, amma fa Allah Ya jarrabce shi da son zaƙi. Ba ya cin abinci sai da lemon kwalba a gefe. In an kai masa shayi sai ya ƙara sukari ko da an riga an zuba. Zoɓo kuwa in bai yi kamar zuma ba cewa yake, "Wannan ai jiƙo ne kuka kawo min."

A shekarar 2017, ina aji huɗu a sakandare, Abba ya ƙara aure. Amaryar daga wani ƙauye take a wajen Kura, mahaifinta manomin tumatir ne a filayen noman rani na Kadawa, waɗanda suke shan ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Shekara guda kafin auren, wato a 2016, aka yi annobar tsutsar nan da manoma suke kira "sharon", wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina, har tumatir ya gagari talaka a ƙasar nan. Mahaifinta yana cikin waɗanda suka tashi babu ko kwando ɗaya.

To ni a lokacin kishi nake taya Ummanmu, alhali ita ba ta sa ni ba. Ran nan ƙawata ta zo gidanmu muna hira a ɗaki, sai na buɗe baki na ce, "Ke rabu da ita, ai tumatir ne ya mutu aka kawo mana ita ta ci arziki." Muka sa dariya har da tafawa. Ina ɗaga labulen taga sai ga Anti Amarya tsaye tana shanya a igiya, tsakaninta da tagar bai fi taku biyu ba. Muka haɗa ido. Wallahi ko uffan ba ta ce ba, ta ɗauki bokitinta ta wuce. Ba ta gaya wa Abba ba, ba ta gaya wa Umma ba. Ni kuma maimakon in ba ta haƙuri, sai kunya ta rikiɗe min ta koma gaba. Shekara shida cur muna gida ɗaya, daga "ina kwana" sai "lafiya lau", shi ke nan.

A watan Janairun 2023 Abba ya fara rama. Ga yawan ƙishirwa, ga tashi fitsari cikin dare, ga jiri. Da ƙyar Yayanmu ya lallaɓa shi suka je asibiti, aka auna aka ce ciwon suga ne, ga kuma hawan jini a kai. Likita ya rubuta magani, ya kuma kafa doka: a bar lemon kwalba, a bar sukari a shayi, a rage gishiri da magi. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babban mutum zai ci a yini ya kai giram 5, wato kusan cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake ɓoye a cikin magi da burodi. Ya kuma ce akwai lemon kwalbar da yake ɗauke da sukarin da ya haura cokalin shayi 7. Na zauna na lissafa abin da Abba yake sha a rana, sai na ji gabana ya faɗi.

Daga nan gida ya canza. Abban da yake shigowa da dariya ya koma mai faɗa, abu kaɗan sai tsawa. Duk wadda take da girki a cikin iyayenmu mata sai ta shiga zullumi, don kwano yadda aka kai haka yake dawowa. Ran nan ya aike ni in ɗauko masa takarda a mota, ina laluba ƙarƙashin kujera sai hannuna ya ci karo da robobin lemo har guda biyar, duk an shanye. Na ritsa autanmu a zaure, na murɗe masa kunne, sai ya ce Abba ne yake aikensa a ɓoye, ya ce kuma in ya faɗa ba shi ba kuɗin tara.

Ban gaya wa kowa ba, kuma wannan kuskure ne babba da na yi. Ba a yi sati biyu ba suga ya hau, aka kwantar da shi kwana uku. Daren farko ni na zauna a wurinsa kafin Yaya ya zo ya karɓe ni. Ya kama hannuna ya ce, "Uwata, na san kin gani, auta ya gaya min. Ni fa ba taurin kai ba ne. Ruwa ne ba ya wuce min, bakina salam nake jinsa, komai na sa kamar ƙasa." Na dubi hannun nan da ya saba ɗaga dilar atamfa ya koma duk jijiya, na tuna ƙannena shida da ba wanda ya gama makaranta a cikinsu, sai hawaye. A ranar na yi wa kaina alkawarin sai na nemo masa abin sha da zai ji a bakinsa, wanda babu sukari a ciki.

Da aka sallamo shi, azumi ya matso, don ranar 23 ga Maris aka ɗauka a wannan shekarar. Likita ya sake duba shi, ya ce zai iya gwadawa, ya canza masa lokutan shan magani, ya kuma gaya masa alamomin da in ya ji dole ya karya. Ni kuma na tuna na taɓa jin ana yin lemo da tumatir. Na san sarai akwai wadda aka haifa a cikin tumatir a gidanmu, ɗakinta yana kallon namu, amma girman kai ya hana ni tambaya. Na ce don Allah mene ne abin wuya a ciki, ni da na rubuta littafi?

Ranar azumi na biyu na shiga kicin da la'asar. Na wanke tumatir sama-sama, na watsa a blanda ɗanyensa, na jefa attaruhu huɗu da 'ya'yansu, da albasa guda sukutum, da tafarnuwa. Tunda ba damar ɗanɗanawa, sai na ƙiyasta a raina zai yi tsami, na jefa 'yar kanwa, na kuma marmasa magi ɗaya don ya yi daɗi, na manta shaf da dokar likita. Na zuba a tambulan mai kyau, na ɗora a faranti na kai.

Ana kiran sallah Abba ya ci dabino ɗaya, ya yi bismilla ya kurɓa. Kai jama'a! Sai tari, sai hawaye, sai majina. Umma ta ruga da ruwa, yara suna ta sannu. Da ya samu numfashi ya dawo sai ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Uwata, kin kawo miya, to ina tuwon?" Gaba ɗaya aka fashe da dariya, har da shi. Rabon da mu ji dariyarsa an fi wata biyu. Ni kuwa na kwashi tambulan na yi kicin, na haɗa kai da gwiwa ina kuka.

Ina cikin haka na ji motsi. Anti Amarya ce. Ta ɗauki sauran da ke cikin blanda ta shinshina, ta ɗan lasa, ta ce, "Ummi, dabararki ta yi, hannu ne ya yi nauyi. Gobe in kin idar da la'asar ki same ni, ƙanena ya kawo min kwando ɗazu." Ta fita abinta. A shekara shida wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa haɗa mu.

Ku tuna lokacin ana fama da ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, kina da kuɗi a banki amma mai kayan miya ya ce shi bai san taransifa ba. Kwandon nan da aka kawo mata daga gida shi ya riƙe mu kusan rabin azumi. Tumatirin da na yi wa gori, shi ne dai.

Washegari na yi ta kai-kawo a tsakar gida kamar kazar da za ta yi ƙwai, daga ƙarshe na cije na shiga. Na tarar ta baje kaya a tire. Ga abin da ta tanada, ku rubuta, na kofi uku ne zuwa huɗu:

Tumatir manya nunannu guda 6
Karas madaidaita guda 2
Kokwamba 1, ko gurji in shi kika samu
Jan tattasai 1
Attaruhu rabi
Albasa ƙarama, kashi ɗaya cikin huɗu
Ɗanyar citta kamar kan babban yatsa
Ganyen na'a-na'a kaɗan
Lemon tsami 1
Garin masoro ɗan mitsitsi
Ruwa kofi 2

Ta fara da zaɓen tumatir. Ta ce a nemi wanda ya nuna ya yi ja har gindi, mai nauyi a hannu, mai tsoka, irin wanda 'yan kasuwa suke kira UTC. Ta ce wanda ake lodawa a Kwanar Gafan a kai Legas, da sauransa ake tsinko shi don ya jure hanya, amma na sha sai wanda ya nuna sosai, shi ne ba ya cika tsami. Wanda ya fashe ko ya fara ruɓewa, wanda ake karyar da kuɗinsa da yamma, ta ce ko kyauta aka ba ni kada in sa a abin sha. Daga nan muka wanke komai sau uku da ruwa mai tsabta, muka kankare karas, muka fere kokwamba, don ta ce ba kowane lambu ne ake yi wa ban ruwa da ruwan kirki ba, ga kuma maganin feshi.

Sai ta ɗora ruwa ya tafasa, ta ɗan tsaga gindin kowane tumatir da wuƙa, ta zuba su a ciki kamar minti ɗaya, ta tsame ta jefa a ruwan sanyi. Wallahi sai ga fatar tana saluɓewa da kanta. Ta yayyanka su a tukunya tare da karas da tattasai da albasa, ta zuba ruwa kofi biyu, ta rage wuta suka dahu kamar minti 15, har karas ya yi laushi. Ta ce wannan dahuwar ita take kashe gafin da ya sa nawa ya zama ɗanyar miya.

Na ce, "Anti, tsamin fa? Ba za a sa kanwa ba?"

Ta ce, "Ina! Kanwa ai 'yar uwar gishiri ce, mai hawan jini ba ya son ta. Zaƙin karas da tattasai ya isa ya danne tsamin."

Da muka zo kan attaruhu sai ta raba shi biyu, ta kankare 'ya'yan da farin nan na ciki da suke manne a jikinsa, ta ce a nan yajin ya fi taruwa. Ta ce abin da ake so ƙamshin attaruhu da ɗan zafin da zai tashi harshe, wanda zai sa mutum ya so ya ƙara kurɓa. Ta gargaɗe ni in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa ido, ta kuma ce in yaji ya kama mutum, nono ko madara sun fi ruwa saurin kwantar da shi.

Muka bar dafaffen ya huce, sannan muka juye a blanda har da ruwansa, muka ƙara kokwamba da citta da attaruhu da na'a-na'a ɗanyu, muka markaɗa ya yi laushi sosai. In babu wuta, ta ce a daka citta da attaruhu a turmi, a goga kokwamba a magogi, dafaffen kuma a murje shi a rariya da bayan ludayi. Ta hana kaiwa injin markaɗe na unguwa, don zai dawo da warin wake da barkonon wasu. Na ɗauko abin tatar koko, sai ta riƙe hannuna ta ce a'a, rariya mai ɗan faɗin ido za a sa, a cire 'ya'ya kawai, a bar kaurin, don dusar nan tana da amfani a ciki kuma tana riƙe mutum. A ƙarshe ta matse lemon tsami, ta barbaɗa masoro, ta juye a jug ta rufe, ta ce kada a bar shi ya daɗe a tukunyar dalma saboda tsami yana cin ta. Da yake an ɗauke wuta, sai ta naɗe jug ɗin da jiƙaƙƙen tsumma ta ajiye a gindin randa.

Muna jiran ya yi sanyi, daga ni sai ita, kicin ya yi tsit. Zuciyata tana ta bugawa. Na ce, "Anti." Ta ce, "Na'am." Na ce, "Maganar nan da na yi shekarun baya, ta taga..." Sai muryata ta sarƙe.

Ta ci gaba da goge tire, ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Na ji ta, Ummi. Na yi kuka ranar, don a lokacin Babanmu ko kuɗin taki bai gama biya ba. Amma na ce yarinya ce, uwarta take so, ni ma da za a yi wa tawa Innar kishiya ban san abin da zan faɗa ba." Na durƙusa na ce ta yafe min don girman Allah. Ta ce, "Na yafe tun tuni. Tashi ki ɗauko tambulan, an kusa kira."

Da na kai wa Abba sai ya ja da baya ya ce, "Yau ma miyar ce?" Anti ta ce, "Alhaji, a dai gwada." Ya kurɓa kaɗan yana runtse ido, ya yi shiru, ya sake kurɓa. Bai ajiye ba sai da ya ga ƙasan tambulan. Ya ce, "Wa ya yi wannan?" Kafin in buɗe baki Anti ta ce, "Ummi ce." Na ce, "A'a Abba, Anti ce ta koya min." Ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Ikon Allah. Allah Ya yi muku albarka." Umma tana gefe tana zuba kunu, ba ta ce komai ba, amma da dare ta kira ni ɗaki ta ce, "Kin kyauta. Da ma ni ban taɓa aikenki ki yi min faɗa ba."

Da muka koma asibiti na rubuta kayan haɗin a takarda na nuna wa likita. Ya ce babu laifi, kofi ɗaya a rana tare da abinci, kada a sa sukari ko gishiri. Amma ya ja kunnena da abu uku, ni ma zan ja naku. Na farko, wannan lemo abin sha ne kawai, ba ya warkar da suga ko hawan jini, kuma ba ya maye gurbin magani. Na biyu, mai ciwon ƙoda kada ya sha sai ya tambayi likitansa, domin tumatir yana da sinadarin fotashiyam da yawa, kuma akwai magungunan hawan jini da suke ƙara tara shi a jiki. Na uku, mai gyambon ciki ko yawan ƙwarnafi ta cire attaruhu da lemon tsami, in ma ya dame ta ta haƙura da shi, musamman a kan cikin da ya wuni babu komai.

Ku kuma ƙannena masu lafiya, kuna da rabo a ciki. Tumatir da tattasai da lemon tsami suna da bitamin C, wanda yake taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da zogale da alayyahu, mu kuwa mata muna buƙatarsa saboda jinin da muke zubarwa duk wata. Zafi yana rage wannan bitamin, shi ya sa ake matsa lemon tsami a ƙarshe bayan an huce. Jan launin tumatir kuma daga wani sinadari ne mai suna laikofin, shi kuwa dahuwa ce take sa jiki ya fi samunsa. Karas yana ba da abin da jiki yake juyawa ya zama bitamin A mai amfani ga ido. Sai dai kada wata ta ruɗe ku cewa yana sa fari, ƙarya ne, kowa ta riƙe kalar da Allah Ya ba ta. In kin haɗa, ki shanye a ranar in babu firji, in akwai kuma wuta ta tsaya kada ya wuce kwana biyu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara, sa'ad da tumatirin rani yake araha. Da damina in ya yi tsada, ki rage yawansa ki ƙara kokwamba, amma kauɗa dai ta miya ce, ba ta yin lemo.

Abba yana nan da ransa, alhamdu lillahi, yana shan maganinsa, yana zuwa awo. Ba zan ce muku ya zama waliyyi ba, don ko a bikin Yaya an kama shi da kwalba a bayan rumfa. Umma da Anti ma ba su zama ƙawaye ba, kowa tana ɗakinta, ana dai zaman mutunci. Amma duk ranar da muka haɗa lemon nan, Anti takan cika kofi ɗaya ta ce, "Ummi, kai wa Yaya," kuma kofin ba ya dawowa da komai a ciki.

Don haka ƙanwata, in akwai wata a gidanku da kika ɗauki gaba da ita a kan faɗan da ba naki ba, kada ki jira sai ciwo ya haɗa ku kamar yadda ya haɗa mu. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, ni na ɗaura shi shekara shida, na san nauyinsa. Wadda ta gwada lemon ta rubuto ta gaya min yadda ya kasance, kuma don Allah rabin attaruhu na ce, ba huɗu ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku sa Abbanmu a addu'a.

Taku har kullum,
Ummi